Igiya Uku, Tufka Ɗaya: Yadda Ake Koyar da Surar Furotin Masu Sakin Saƙon Jijiya

Duk malamin da ya taɓa koyar da darasin jijiya ga ɗaliban aikin jinya ko na haɗa magunguna a nan Kaduna ya san daidai inda darasin yake cijewa. Ɗalibai sukan haddace cewa saƙon lantarki yana gangarowa ta jijiya har ƙarshenta, kalsiyam ya shiga, sannan 'yan jakunkunan da ke ɗauke da sinadarin saƙo su zubar da kayansu a ratar da ke tsakanin wannan jijiya da ta gaba. Suna rubuta wannan a jarrabawa ba tare da kuskure ba, amma da zarar an tambaye su abin da ke janyo jakar zuwa bango, da abin da kalsiyam yake taɓawa idan ya shiga, sai aji ya yi tsit. Ban taɓa ganin laifinsu ba, domin zanen allo shimfiɗaɗɗe ne, alhali maganar gaba ɗaya ta sura ce da ja da murɗawa, abubuwan da hannu ya fi ido saurin ganewa. Na daɗe ina koyar da wannan babi da igiya da tabarma da daro, kuma ga yadda ake haɗa kayan da yadda ake tafiyar da darasin.

Kafin a sayi ko allura, a tsayar da ma'auni, domin samfurin da ba shi da ma'auni yakan koyar da ƙarya cikin natsuwa. Nanomita ita ce kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Faɗin 'yar jakar sinadari kusan nanomita 40 ne, ratar da ke tsakanin jijiyoyin biyu kusan 20, kaurin tantanin da ya lulluɓe jaka ko jijiya kusan 5, shi kuwa damin furotin da darasin ya ginu a kansa tsawonsa kusan 12 ne. Idan aka ɗauki kowace nanomita a matsayin santimita 2, jakar za ta zama babban daro mai faɗin santimita 80, damin ya zama tsawon santimita 24, ƙwayar kalsiyam kuma ta zama 'yar ƙwallo mai faɗin milimita 4. A rubuta waɗannan alƙaluma a gefen allo, a ƙara da ɗaya: daga shigar kalsiyam zuwa buɗewar jaka, lokacin bai cika kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba. Wannan saurin shi ne dalilin kowane abu da za a gani a cikin samfurin.

Kayan ba su da wuyar samu. A Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ana samun igiyar leda mai kaurin ɗan yatsa, sai a zaɓi shuɗiya da ja da koriya, a haɗa da tabarma da daron roba, domin na ƙarfe ba ya hujewa da sauƙi. Maɓallan riga baƙaƙe da farare, fil da zare da allura, duk telolin Kasuwar Barci suna da su. Panteka kuma can ake samun guntun wayar tagulla, ƙananan maganaɗisu da ƙwallayen boris na keke, waɗanda girmansu ya yi kusa ƙwarai da na kalsiyam a ma'auninmu. Sai kwalin sabulun wanka guda biyu, fensir ɗaya da almakashi. Launukan igiyar ba son rai ba ne: tun 1998, lokacin da Bryan Sutton, Dirk Fasshauer, Reinhard Jahn da Axel Brunger suka fitar da surar wannan dami ta hanyar harba hasken eksire a kan ƙanƙararren furotin, masu zane suka saba ba kowane furotin launinsa, kuma ɗalibin da ya saba da su a igiya ba zai ɓata ba idan ya gamu da su a littafi.

A fara da wayar tagulla, tun kafin a taɓa igiya. Furotin sarƙa ce ta amino asid, kuma ɗaya daga cikin surorin da sarƙar ta fi yawan ɗauka ita ce murɗiya, wadda Linus Pauling da abokan aikinsa suka bayyana a 1951. A naɗe wayar a jikin biro har ta zama kamar sifirin, a zare biron, a ba kowane ɗalibi tasa. Kowane zagaye yana ɗauke da amino asid 3.6, kowane amino asid kuma yana ƙara tsawon nanomita 0.15, wato sarƙa mai amino asid 65 za ta kai kusan nanomita 10. Dole murɗiyar ta kasance ta hannun dama, irin ta sukurun kafinta, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a jera ta da sukuru a ga ko zaren ya karkata gefe ɗaya. A shekarar da na fara, rabin wayoyin da na naɗe na hagu ne ban sani ba, sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, tawa da ta maƙwabciyata ba sa kwanciya tare." Tun daga ranar sukuru ba ya barin aljihuna.

Daga nan a ɗauki alƙalamin maka a ɗiga alama a kan wayar, bayan kowane amino asid uku, sannan huɗu, sannan uku, sannan huɗu. Alamomin za su jeru a gefe ɗaya kamar layin ɗinki. Waɗannan su ne amino asid masu gudun ruwa, irin su liyusin da balin, waɗanda halinsu ɗaya da man gyaɗa: duk inda suka sami 'yan'uwansu sai su manne, su juya wa ruwa baya. Amma layin ba miƙaƙƙe ba ne sosai. Amino asid bakwai ba su cika zagaye biyu cur ba, tunda zagaye biyu 7.2 ne, saboda haka layin yana zamewa a hankali zuwa hagu, kuma murɗiyoyin da suke son haɗa layukansu wuri ɗaya tilas su naɗe juna ta hannun hagu. Wannan ne ya fara kai ni ga igiya. Na taɓa tsayawa kan wani dattijo yana tufkar rama, ya maƙale bakin igiyar da babban yatsan ƙafarsa, yana murza kowane sili a tafin hannu ta gefe ɗaya, yana kuma haɗa su ta ɗaya gefen. Na ce, "Baba, me ya sa ba a murɗa su duka hannu ɗaya?" Ya ce, "Ɗana, ai da ka saki sai ta warware." A furotin, mannewar masu gudun ruwa ce take riƙe damin, ba gogayyar zare ba, kuma ya kamata a faɗa wa ɗalibai haka, amma surar iri ɗaya ce: sili na dama, tufka ta hagu.

Yanzu sai igiyoyin. Shuɗiyar ita ce sinaftobirebin, wadda ake kuma kira VAMP2, ƙaramin furotin mai amino asid 116 wanda wutsiyarsa ta ratsa tantanin jaka. A huda gindin daro, a zura igiyar, a ƙulla ta daga ciki, a bar kamar santimita 30 a waje. Ƙidayar da ɗakin binciken Jahn ya yi a Jamus a 2006 ta nuna cewa jaka ɗaya tana ɗauke da kusan 70 na wannan furotin, don haka a gaya wa aji cewa daron gaskiya gashi ne da shi ta ko'ina. Jar igiya ita ce sintaksin, mai amino asid 288, wutsiyarta ta ratsa tantanin jijiya, wato tabarma. A zura ta a tabarma a ƙulla daga ƙasa, a bar santimita 30 na farko don tufka, sannan a ƙara kamar rabin mita a kai, a ninka ƙarshensa gida uku a ɗaure da zare, domin kan sintaksin yana da nasa ƙaramin dami mai murɗiya uku da ake kira Habc, wanda za a koma kansa daga baya.

Koriyar ita ce ta fi rikita ɗalibai, don haka a ba ta lokaci. Sunanta SNAP-25, tana da amino asid 206, kuma ba ta da wutsiyar da ta ratsa tantani ko kaɗan. Abin da ke riƙe ta shi ne kitse da aka liƙa wa amino asid huɗu masu suna sistin a tsakiyar sarƙar, kitsen kuma ya nutse a cikin tantanin jijiya. A yanki igiya mai tsawon santimita 80, a raba ta uku da alama: kashin farko murɗiya ce, na ƙarshe ma murɗiya ce, na tsakiya kuwa sakakken zare ne mara sura. A maƙale farkon kashin tsakiyar a tabarma da fil huɗu. Furotin ɗaya ke nan yana ba da sili biyu, shi ya sa furotin uku suke haifar da dami mai murɗiya huɗu, wanda ake kira SNARE.

Abin da ya fi komai muhimmanci a darasin shi ne alkiblar silin huɗu. Dukkansu suna kwance kai da kai, wutsiya da wutsiya: kawunan suna nesa da tantani, wutsiyoyin suna kusa da shi. Saboda haka kashin tsakiyar koriyar igiya dole ya juya ya bi gefen damin ya koma can kai, domin sili na biyu ya fara daga inda na farko ya fara. Kada a faɗa wa ɗalibai wannan kai tsaye. A bar su su fara jera shuɗiya da ja kai da wutsiya, yadda mai zane yakan yi tsammani, su tufka, su ga daro ya tsaya nesa da tabarma da tsawon damin gaba ɗaya, ya ɗauru amma bai taɓa ba. Sannan a sa su warware su jera kai da kai, su fara tufka daga kai, sai su ji daron yana matsowa da kansa da kowace murɗa. Masana ma sai a 1997 suka tabbatar da wannan alkibla da hotunan madubin ilektiron, kuma daga nan ne aka gane cewa damin ba ƙugiyar ɗaure jaka kawai ba ne, injin ja ne.

Maɓallai su ne aikin gida. A ɗinka 16 a jere a gefe ɗaya na kowane sili, tazarar kusan santimita 1, ta yadda idan an tufka maɓallai huɗu za su haɗu a ciki su zama hawa ɗaya. Masana sun ba hawan lamba daga -7 a wajen kai zuwa +8 a wajen wutsiya. Goma sha biyar daga cikinsu na masu gudun ruwa ne, sai a yi su da baƙaƙen maɓallai. Hawa na tsakiya, mai lamba 0, dabam yake: a nan shuɗiya ta kawo arginin, amino asid na 56 a sarƙarta mai caji na alamar tarawa, ja ta kawo gulutamin na 226, koriya ta kawo gulutamin na 53 da na 174, ukun suka kewaye ɗayan suka riƙe shi, hawan da ke sama da ƙasa kuma suka rufe su daga ruwa. A yi wannan hawa da fararen maɓallai, a rubuta R a kan na shuɗiya, Q a kan sauran ukun. Daga waɗannan haruffa ne aka raba dangin furotin ɗin gida biyu, R-SNARE da Q-SNARE, kuma ana samun wannan tsari na R ɗaya da Q uku tun daga yis ɗin da ke kumbura burodi har zuwa ƙwaƙwalwar ɗan'adam. A aikace, fararen maɓallan suna taimaka wa ɗalibi ya ga ko silinsa ya zame da hawa ɗaya.

Ranar tufka, a sa ɗalibi ɗaya ya taka tabarma, ɗaya ya tallabe daro a sama da ita da sakakken hannu, na uku ya yi murɗa. Ya fara daga kai, ya tsaya cak da ya iso fararen maɓallai. Wannan tsayuwar ita ce halin da jaka take ciki tana jiran saƙo, rabi a tufke, rabi a sake, kamar tarkon da aka ɗana. Gwajin da aka yi a Jami'ar Yale a 2012, inda aka ja dami guda ɗaya tak da hantsakin haske, ya nuna cewa yana rufewa ne mataki-mataki, da matsaya a tsakiya. Dalilin da ya sa ake buƙatar ƙarfi shi ne tantani biyu ba sa son juna: fuskokinsu suna da caji iri ɗaya, akwai kuma ruwan da ya manne wa kowace fuska wanda sai an kore shi kafin kitse ya taɓa kitse. Da ɗalibin ya ƙarasa tufkar har wutsiya, gindin daro zai danne tabarma. A nan samfurin ya kai iyakarsa, tunda roba ba ta narkewa cikin tabarma, don haka a ajiye faranti da ruwa a gefe, a ɗiga man gyaɗa wuri biyu, a tura su da tsinke har su haɗe su zama ɗigo ɗaya. Ƙofar da ke fara buɗewa tsakanin jaka da waje ba ta wuce nanomita 1 zuwa 2 ba. Idan akwai igiya, a yi dami uku kewaye da gindin daro, domin wani gwaji na ɗakin binciken James Rothman ya nuna cewa dami ɗaya yana iya buɗe ƙofar, amma sai da uku take tsayawa a buɗe har kaya su fita.

Rothman ɗin ne da abokan aikinsa suka nuna a 1993 cewa furotin ukun suna haɗuwa wuri ɗaya, a 1998 kuma suka sa su a cikin jakunkunan kitse na gwaji, suka ga su kaɗai sun isa su haɗe tantani biyu. Sai dai haɗewar tana ɗaukar mintoci masu yawa, kuma ba ruwanta da kalsiyam. Wannan ita ce gaɓar da za a shigo da kwalayen sabulu. Su ne sinaftotagmin, furotin da ke zaune a tantanin jaka, kusan 15 a kowace jaka, mai sassa biyu da ake kira C2A da C2B. Kowane sashe ba murɗiya ba ne, faifai biyu ne da aka kifa wa juna, kowane faifai mai layi huɗu, kuma a baki ɗaya akwai lanƙwasassun madaukai masu ɗauke da amino asid asfatet, masu caji na alamar ɗebewa. A haɗa kwalayen da guntun zare, a ɗaure su a gindin daro kusa da shuɗiyar igiya, a yi madaukan da waya, a liƙa maganaɗisu a tsakaninsu. Kwalin farko ya ɗauki ƙwallayen boris uku, na biyu ya ɗauki biyu, kuma ko da yake na biyun ya fi ƙarancin kalsiyam, shi ne ya fi nauyi a aikin sakin saƙo.

Kalsiyam a wajen jijiya ya ninka na ciki sau dubu goma ko fiye, saboda haka da ƙofofinsa suka buɗe sai ya kwararo, ƙofofin kuma suna dab da inda jaka take jira. Idan ya zauna tsakanin madaukan, cajinsu yakan juya, bakin da a da yake gudun tantani ya koma yana nutsa cikinsa. A nuna wannan ta hanyar soka madaukan waya cikin saƙar tabarma a daidai lokacin da mai tufka zai ƙarasa murɗarsa. Tun a 1967 Dodge da Rahamimoff suka auna a jijiyar kwaɗo cewa idan aka ninka kalsiyam sau biyu, sakin saƙo yakan ninku kusan sau 16, abin da ke nuna cewa ƙwaya ɗaya ba ta isa ba sai da yawa sun kama tare. A 1994 kuma ɗakin binciken Thomas Südhof ya samar da ɓeraye marasa wannan furotin, sai sakin saƙo mai sauri ya ɓace a jijiyoyinsu. Shi da Rothman da Randy Schekman ne suka raba kyautar Nobel ta 2013.

Fensir shi ne kwamfileksin, ƙaramin furotin da tsakiyarsa murɗiya ce guda. A kwantar da shi a kwarin da ke tsakanin shuɗiya da ja, tsininsa yana duban kishiyar alkiblar igiyoyin, domin haka surar da aka fitar a 2002 ta nuna. A ƙudan gwaji, idan aka cire shi jakunkuna sukan yi ta zubar da kaya ba tare da saƙo ba, a ɓeraye kuma cire shi yana raunana sakin da kalsiyam ke jawowa, don haka a koyar da shi a matsayin mai riƙewa kuma mai shiryawa. Kan jar igiyar nan mai ninki uku kuwa, a lanƙwaso shi ya kwanta a kan sashen tufka ya rufe maɓallan, sannan ɗalibi ya damƙe su da tafin hannu. Hannun shi ne Munc18, furotin mai siffar baka wanda ke rungume sintaksin a rufe, sai Munc13 ya zo ya buɗe shi, Munc18 kuma ya riƙe ja da shuɗiya a jere domin tufka ta fara daidai. Sunayen Munc18 da Munc13 sun fito ne daga tsutsotsin da Sydney Brenner ya tattara masu tafiya a karkace. Ɓerayen da aka cire wa Munc18 a 2000 ƙwaƙwalwarsu ta ginu, amma ko jaka ɗaya ba ta buɗe ba, suka mutu da haihuwa, a mutane kuma lalacewar kwafi ɗaya na ƙwayar gadon da ke yin sa, STXBP1, tana jawo farfaɗiya mai tsanani tun jariri yana 'yan watanni.

Yawancin malamai a nan suke tsayawa, kuma a ganina kuskure ne. Bayan jaka ta haɗe da bango, igiyoyin uku suna kan tantani ɗaya, a tufke tamau, ba su da sauran amfani. Ƙarfin damin ya kai ko a cikin sinadarin wanki na SDS, wanda ke warware yawancin furotin, ba ya rabuwa sai an tafasa shi. Wanda ke kwance shi a cikin jijiya shi ne NSF, zobe mai sassa shida, wanda ke hawa kan damin da taimakon wasu furotin masu suna SNAP, waɗanda sunansu kawai ya yi kama da na koriyar igiya amma babu dangantaka, ya zuƙo sili ɗaya ta raminsa yana ƙona ATP, sinadarin da ke ba jiki makamashi, har damin ya tarwatse. A sa ɗalibai shida su yi da'ira su warware igiyar, a tambayi aji wa ya fi gajiya, mai tufka ko masu warwara. Bahaushe yana cewa tufka da warwara idan yana nufin aikin banza, amma a bakin jijiya a wajen warwarar ake biyan kuɗin makamashi, a ajiye shi a sakakkun igiyoyi, ita kuwa tufka da kanta take gangarawa, shi ya sa take da sauri. Akwai ƙudan gwaji da NSF ɗinsa ke daina aiki idan an ɗumama shi: yakan ɗan ci gaba da motsi, sannan ya faɗi sumamme bayan sakakkun igiyoyinsa sun ƙare.

Almakashi a ajiye shi sai ƙarshe, domin shi ne ke haɗa darasin da ɗakin jinya. Dafin cutar sarƙe haƙora, wadda ma'aikatan asibiti ke kira tetanos, almakashi ne mai aiki da sinadarin zinki, kuma a 1992 ɗakin binciken Cesare Montecucco a Italiya ya nuna cewa yana yanke sinaftobirebin wuri ɗaya tak, tsakanin amino asid na 76 da na 77. A samfurinmu wurin yana santimita 6 daga farin maɓalli zuwa wajen daro. A yanke shuɗiyar a nan, a sa ɗalibi ya tufka, zai ga igiya tana murɗuwa daro kuwa ko motsi. Dafin yana hawa ta jijiya zuwa laka, ya yi ɓarnarsa a jijiyoyin da aikinsu shi ne taka burki da sinadaran saƙo masu suna gilaisin da GABA, don haka tsoka take ɗaurewa ba saki: muƙamuƙi ya sarƙe, baya ya banƙare, jaririn da aka yanke wa cibiya da reza mara tsabta ya kasa kama nono bayan 'yan kwanaki. Ɗalibar da ta yanke igiyar da hannunta ba ta buƙatar dogon wa'azi a kan allurar rigakafin da ake yi wa masu ciki a wajen awo.

Dafin botulinum ɗan'uwansa ne, amma yana tsayawa a mahaɗar jijiya da tsoka ya hana sakin asetilkolin, sinadarin saƙon da ke motsa tsoka, sai jiki ya saki maimakon ya ɗaure. Nau'insa na B yana yanka daidai inda na tetanos yake yi, D da F da G ma shuɗiya suke yankewa a wasu wurare, C yana yanke ja da koriya, A da E kuma koriya kaɗai. Nau'in A, wanda ake sayarwa da sunan Botox, amino asid 9 kacal yake gutsurewa daga wutsiyar SNAP-25, wato ƙasa da santimita 3 na sili na biyu, amma hakan ya isa ya kwantar da tsoka na watanni, domin hawan ƙarshe su ne ke ba da jan ƙarshe. A gwada kuma sa almakashi a kan damin da aka gama tufkewa, a gaya wa aji cewa dafin ba ya iya yanke shi a wannan hali, sai igiya tana sake.

Sai bayan hannu ya gama aikinsa ake buɗe waya. Rumbun surorin furotin na duniya, PDB, wanda aka kafa a 1971, kyauta ne a shafin rcsb.org, kuma yana nuna sura ana juya ta da yatsa ba tare da an sauke wata manhaja ba. A rubuta 1SFC domin ganin damin 1998. Idan sarƙoƙi 12 suka bayyana kada a firgita, dami uku ne a cikin fayil ɗin, sai a ɓoye biyu. A sa ɗalibai su nemo arginin na 56, su ƙirga hawa zuwa kowane gefe, sannan su faɗi abin da igiyarsu take da shi wanda hoton ba shi da shi: wutsiyoyin da ke ratsa tantani, kan sintaksin mai ninki uku, da zaren tsakiyar SNAP-25, domin duk an yanke su kafin furotin ɗin ya yarda ya ƙanƙare. Lambar 1KIL tana nuna fensir a kwarinsa, 3C98 kuma tana nuna hannun Munc18 a kan rufaffen sintaksin. Saboda ɗaukewar wuta da raunin intanet a wasu azuzuwa, gara malami ya buɗe surorin tun a gida ya ɗauki hotunansu ta fuska uku ko huɗu.

Darasin yakan ci zama biyu na awa ɗaya da rabi, na farko ga waya da igiya da maɓallai, na biyu ga kwalaye da almakashi da hotuna. Gwajin da nake yi a ƙarshe ba na rubutu ba ne: ina miƙa wa ɗalibi igiyoyin a cukurkuɗe, in ambaci cuta ɗaya ko furotin ɗaya da aka cire, in ce ya nuna mini inda aikin zai tsaya da abin da za a gani a jikin majiyyaci. A tanadi shuɗiyar igiya da koriya na sauyi, tunda kowane aji sai ya yanke nasa, a kuma ƙona bakin kowace igiyar leda da ashana kafin a ɗinka maɓallai, in ba haka ba silinta zai fara buɗewa tun kafin mako na biyu.